Cokali Uku na Yumɓun Ushafa a Ƙasar Faransa

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ofis, a gidan biki, har a layin mai, duk wanda ya gan ni sai ya tare ni da "Dakta, ya Faransa? Kin hau doguwar hasumiyar nan tasu?" Ban hau ba, ban ma gan ta ba. Na gaji da ba da labari guntu-guntu ga mutanen da hankalinsu ke kan tsaraba, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma in faɗi gaskiya, ba don ku kaɗai na rubuta ba. Kewar makonnin nan uku nake ji, ina kuma tsoron kada su fara zubewa daga kaina.

Sai na fara da Mama Talatu, domin ba don ita ba da ban taka ko'ina ba. Mahaifina ma'aikacin ruwa ne, daga Zariya aka kawo shi aikin madatsar da ke kusa da Ushafa, lokacin da yawancin Abuja daji ne da duwatsu. Mahaifiyata ta yi doguwar jinya bayan ta haife ni, sai maƙwabciyarmu, 'yar Gbagyi, maginiyar tukwane, ta ɗauke ni. A bayanta na yi wayo, ina jin ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu. Ita Kirista ce, amma ita ke hana ni doya sai na yi salla. Har yau Biliki take ce mini, Bilkisu ya yi mata tsawo, Dakta kuwa ba ta san da zamansa ba.

Ramin da matan unguwarsu ke haƙar yumɓu tun kaka da kakanni, shekara uku ke nan da aka zagaye shi da katanga, aka cike shi, aka jera gidaje masu jan rufi a kai. Matan suka koma wani rami can gaba. A ido yumɓun ɗaya ne, a hannu ma sabon ya fi laushi. Amma da an kai wuta sai tukwane su yi ta tsagewa, wani lokaci rabin abin da aka gasa ya tashi a banza. Ɗan Mama, Bulus, wanda ke sayar da kayan gini a Masaka, ya gyara mata ɗaki a bayan shagonsa, ya ce ta bar wahala ta zo ta huta. Ta roƙe shi rani ɗaya. In tukwanen ranin suka fashe, za ta naɗe tabarmarta ta bi shi. Na ga ɗakin, a bakin titi yake, babu ko inda za a shanya kasko. Na kuma san Mama, in aka raba hannunta da yumɓu ba za ta daɗe ba.

Ga ni nan da digiri uku a kimiyyar sinadarai, ina aiki a wata cibiyar bincike ta gwamnatin tarayya, amma na kasa taimakon matar da ta goye ni. Ta ba ni ɗan tsohon yumɓun da ta ɓoye kafin a cike ramin, na gwada shi da sabon a duk na'urar da muke da ita. Amsa ɗaya ce kullum: alminiyam, silikon, ruwa, ɗan ƙarfe, kusan daidai wa daida. Na'urorinmu suna faɗin abin da ke cikin abu da yawansa, ba sa faɗin wa ke zaune kusa da wa. Mai faɗin wannan wata na'ura ce mai ƙaton maganaɗisu, irin wadda ke karɓar busasshen abu ba sai an narkar da shi ba, kuma duk inda na tambaya a kusa ban samu ba. Na rubuta takardun neman gurbi har na ƙosa, sai wata jami'a a arewacin Faransa ta ba ni mako uku.

Ana jibi zan tashi na je Ushafa sallama. Na nuna mata 'yan kwalabe uku da na shirya, kowace da cokali ɗaya na busasshen tsohon yumɓu, da wata ta sabon don kwatantawa, da takardar izinin shiga da su. Ta jujjuya kwalba ɗaya, ta taɓe baki. Hausar Mama ba ruwanta da mace ko namiji.

"Biliki, wannan da ka shanya ai ya mutu," in ji ta. "Injin zai ji me a bakin matacce?"

Ta ɗauko curin da ya rage mata, bai fi ƙwan agwagwa ba, naɗe a jiƙaƙƙen ganyen ayaba, wai in tafi da shi. Na yi mata bayanin doka, na ce ta ajiye abinta, ta ce to. Daga nan ta ba ni ɗan ƙaramin tulu da ta gina, ta ce in ba duk wanda ya taimake ni a can, don ba a zuwa gidan mutane hannu biyu. Ta toshe bakinsa da tsumma, na jefa a jaka ban duba ba.

Maigidana ne ya kai ni filin jirgi. Cunkoson Kubwa ya kusa sa ni kuka, shi kuwa yana ta ba ni labarin siyasa kamar ba jirgi zan kama ba. A wurin binciken kaya wani jami'i ya ɗaga kwalabena ya haska, ya karanta takarda, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ƙasa za ki kai wa Turawa? Tasu ta ƙare ne?" Na yi dariya ya yi dariya, na wuce ina ganin ai na gama da masu bincike.

Ashe na can ne masu binciken. Muna jiran kaya sai ga wani kare da igiya a wuya ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Ni da kare ba ma shiri tun ina yarinya, na ƙame ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Wata matashiyar jami'a ta tambaye ni ko akwai abin da ban bayyana ba, na ce babu, da ƙarfin gwiwata. Ta fito da kilishin da ƙanwata ta cusa mini, ta ajiye gefe. Ta shinshina ƙullin daddawa, ta runtse ido, ta mayar. Sai ta zare tsumman bakin tulu, ta zura yatsu biyu, ta zaro ganyen ayaba da curin Mama a ciki.

Kunya ta fara kama ni, sai baƙin ciki ya biyo baya ya kore ta. Na yi bayani da Turanci, na yi da hannu, na nuna mata hoton Mama a waya. Yarinyar ba ta da mugunta, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ɗanyar ƙasa da ɗanyen ganye ba sa shiga, kuma ba sa cikin takardata. A gabana ta jefa shi cikin wani bokiti mai murfi. Duk duniya babu sauran ɗanyen yumɓun ramin nan sai wannan, na tsaya ina kallon bokitin har na bayana suka fara gyaran murya. Tulun ta bar mini, tunda shi ya riga ya ga wuta.

Daga nan jirgin ƙasa na hau, awa ɗaya da wani abu. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka sun yi shiru a wuri ɗaya ba. Na gaida mutumin da ke kusa da ni, sai ya jawo jakarsa ya rungume. Na tuna motar Zuba, inda kafin a kai Dei-Dei kin san sunan 'ya'yan maƙwabciyarki da ciwon da ke damun surukarta. Masaukin da aka ba ni ɗaki ne a hawa na huɗu, ba lif, rufinsa a karkace, sau uku ina buga kai kafin in koyi sunkuyawa. Fitilar matakala kuma da kanta take mutuwa bayan minti ɗaya, sai ki tsinci kanki a duhu da akwati a hannu. Buta babu ita a garin kaf, robar ruwa na yanka na yi maleji da ita har na dawo.

Washegari aka haɗa ni da Madam Odil, mai kula da na'urar. Gajeriya ce, furfura aske ƙwal kamar ta namiji, shekara talatin tana aiki a ɗakin nan. Ba ta yi mini murmushi ba. Ta nuna wani layi rawaya a ƙasa, ta miƙo tire, ta ce in zuba makulli, agogo, waya, katin banki, duk wani ƙarfe. Na zuba. Maganaɗisun yana tsakiyar ɗaki, kamar tankin ruwa a kan ƙafafu uku, ya fi mutum tsawo, har da matakalar hawa. Ina tsallake layin na sunkuya in leƙa ƙarƙashinsa, sai na ji ana jan mayafina ta wajen wuya. Kafin in ankara, fil ɗin da na maƙale shi da shi ya zare kansa ya tafi ya manne a gindin tankin. Madam Odil ta ɓamɓaro shi da ƙyar, ta riƙe shi a gaban hancina. Tun daga ranar na koma hijabin zurawa.

Wannan bai kai na alƙibla ba. Ofishin da aka ba ni bango ɗaya ne tsakaninsa da na'urar, a nan nake azahar da la'asar, ina duba alƙibla a waya. Sai a rana ta huɗu na lura duk kusurwar da na tsaya, kibiyar bangon nan take nunawa. Kwana huɗu ina fuskantar maganaɗisu. Da na gaya wa Madam Odil ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ranar na fara ganin haƙoranta. Da na dawo daga cin abinci sai na tarar ta buga taswira, ta auna da rula, ta manna jan salatif a ƙasa ya nuna gabas ta gaskiya. Daga ranar muka zama ƙawaye.

To, ga abin da na'urar ke yi, a taƙaice, don masu cewa yawon buɗe ido na je. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, wasu cibiyoyin kuma kamar 'yan mitsi-mitsin maganaɗisu suke. In aka sa su cikin babban maganaɗisu aka buga musu igiyar rediyo, sai su amsa, kowane iri da muryarsa, ta alminiyam daban, ta haidurojin daban. In biyu suna kusa, kowace tana jin jan 'yar'uwarta, kuma iya kusanci iya ƙarfin jan. Don haka sau biyu ake sauraron alminiyam. Na farko a bar haidurojin ya zauna lafiya, na biyu a yi ta girgiza shi. Alminiyam ɗin da ke da haidurojin a maƙwabta sai muryarsa ta dushe, wanda ba shi da shi ko a jikinsa. Kamar a yi daka a gida ɗaya ne a duba gidajen da kwanukansu suka motsa. Daga yawan dushewar ake lissafa tazarar da ke tsakaninsu.

Garin da za a gwada kuwa cikin wani ɗan farin bututu ake dura shi, bai kai gaɓar ƙaramin yatsa ba. Iska ke juya shi a karkace, sau dubu goma da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, don in ba a juya ba muryoyin busasshen abu cakuɗewa suke yi. In durin bai daidaita ba, bututun ba ya juyawa. Nawa na farko ya yi ta gurnani ya ƙi tashi. Madam Odil ta zazzage, ta nuna mini yadda ake zuba kaɗan a danna, a juya, a ƙara. Hannunta na kalla, sai na ga hannun Mama a bakin tukunya, har idona ya ciko.

Abincin rana a wurin nan ibada ne. Ƙarfe sha biyu kowa zai ajiye aiki, a zauna fiye da awa, kuma ba a maganar aiki. Shugaban sashen, farfesa mai furfura, shi ke ɗaukar tirensa da kansa, ɗalibai suna kiran sunansa gatsau. Na yi tunanin ranar da zan kira Oganmu da sunan yanka, na ga takardar kora tana tafe. Ni kifi da burodi na yi ta ci, sai da na gano shagon wani mahauci ɗan Damagaram a bayan tasha. Da na yi masa sallama da Hausa ya ajiye wuƙa, ya zagayo, muka yi gaisuwar da ta fi cinikin tsawo. Wata rana Madam Odil ta kawo mini cukunsu mai shuɗin tabo, warinsa ya cika ofis. Na daure na ci don kara. Washegari na kai mata miyar kuka da daddawar da ta tsira a boda, ita ma ta daure ta ci. Muka yarda kowace ƙasa da ruɓaɓɓen abin da take ƙauna.

Aikin ne ya ƙi daɗi. Yadda aka koya mana a makaranta, in za a gwada yumɓu sai an tace shi tukuna. A dama shi a ruwa, a bar tsaki-tsakin ya kwanta, a tsiyaye lallausan da ke sama, shi ne yumɓu na ainihi, na ƙasan datti ne. Haka na yi a Abuja, haka na yi wa kwalba ta farko a can, na zubar da dattin. Muka sa a na'ura, ta kwana biyu tana aiki. Tsoho da sabo suka fito kamar tagwaye, duk alminiyam ɗin ciki yana da haidurojin a gefensa. Na ce wataƙila ban tace da kyau ba, na ƙara tsananta tacewa a kwalba ta biyu. Amsar ba ta canja ba. Kwana goma sha biyu sun tafi, saura kwalba ɗaya. A ranar Bulus ya turo mini hoton ɗakin Masaka, ya sa labule da sabuwar katifa. Na kife wayar na zauna.

Da safe na ɗauko kwalba ta uku da kofin tacewa. Madam Odil tana tsaye da kofinta, ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni da guntun Turancinta ko Maman tawa haka take tace yumɓu kafin ta yi gini. Na ce a'a, tsakuwa kawai take tsincewa da yatsa, ta cuɗa, ta hau aiki.

"To ke me ya sa kike gwada abin da ba da shi take gini ba?" in ji ta.

Na dubi kofin da ke hannuna. Shekara biyu ina zubar da rabin tambayar a kwandon shara, da hannuna, don littafi ya ce datti ne. Na mayar da kofin, na juye kwalbar yadda take a ɗan turmin dutse, na niƙe duka har tsaki-tsakin. Wajen durin sai na miƙa mata ta ƙarasa.

Bayan kwana biyu muka zauna gaban kwamfuta. Na sabon rami, wanda shi ma muka niƙa ba tacewa, bai nuna wani abu ba. A na tsohon kuwa, da aka girgiza haidurojin yawancin muryar ta dushe kamar kullum, amma wani ɗan tudu ya tsaya ƙyam a kan layin. Akwai alminiyam a ciki wanda ba shi da haidurojin kusa ko kaɗan. Na fara murna, ta ce in dakata, ɓarɓashin dutse ma yana iya yin haka. Ta faɗaɗa hoton, ta sa gilashi, ta nuna wani gefe na tudun da alƙalami. Ta ce wannan dai, a shekarunta talatin, ba ta cika ganinsa ba sai a yumɓun da wuta ta riga ta ci, domin wuta ce ke korar ruwan da ke ɗaure a jikinsa ta bar alminiyam a wannan zama. Tulun Mama yana kan teburinta, tun makon farko na ba ta. Ta dube shi, ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta kankare ɗan gari daga gindinsa muka sa a na'ura. Tudun ya fito a wuri ɗaya sak.

Wato a cikin ɗanyen yumɓun da aka haƙo daga rami akwai garin gasasshiyar tukunya. Kowane mai nazarin tukwane ya san amfaninsa, shi ke hana yumɓu tsukewa da yawa, ya ba tururi hanyar fita, tukunya ta jure wuta. Abin da ban gane ba shi ne yadda ya shiga. Na fita tsakar gidan jami'ar, ana yayyafi, na kira Mama na tambaye ta ko tana daka tsingaro ta zuba a yumɓu. Ranta ya ɓaci.

"Ni? Wannan aikin mutanen da ƙasansu ba shi da kyau ne. Namu daga rami sai hannu. Uwana bai saka komai ba, ni ma ban saka ba."

Na ba ta haƙuri. Ina cikin ba ta haƙurin ne wurin ya dawo mini a ido, yadda yake ina 'yar shekara shida. Ramin yana ƙasa, a kwari. A samansa akwai tudu, inda mata ke jera tukwane su lulluɓe da itace da ciyawa su cinna wuta. A gefen tudun, ta wajen gangare, nan ake watsar da duk wadda ta fashe. Mun yi wasan 'yar tsana da tsingaron wurin, har yau akwai tabonsa a diddigena. In aka yi ruwan sama, jan ruwa ne ke gangarowa daga tudun ya cika ramin, mu yi ta tsalle a ciki ana kora mu. Na tambaye ta tun yaushe ake gashi a kan tudun nan. 

"Uwana a nan ya gasa," ta ce a hankali. "Uwan uwana ma a nan. Wanda ya fashe, a nan ake zubarwa."

Na kashe wayar. Na tsaya a yayyafin nan ina kuka, ɗalibai suna wucewa suna kau da kai, don a can ba a tambayar mutum abin da ya same shi.

Kwanakin da suka rage mun yi su ne muna maimaita awo don kada a ce mafarki muka yi. Ranar sallama Madam Odil ta gaya mini baɗi za ta yi ritaya, na'urar ma za a sauke ta a kawo sabuwa wadda ba ta jan fil ɗin kowa. Ta faɗe shi kamar ba komai, tana goge tebur ɗin da ba shi da datti. Ta raka ni har tasha, ta sumbace ni a kumatu biyu irin nasu, ta ce in gaida Mama in ce mata gindin tulunta ya yi aikin kimiyya. Har yau in na ji ƙarar injin iska a wurin masu faci, ɗakin nan nake tunawa, da ita a tsaye da kofinta.

Kwana biyu da saukata na tafi Ushafa. Na tarar da Bulus ya zo da mota, wai zai fara rage kaya. Na fara da ba ta haƙurin curin da aka jefa a bokiti, ta ce ai ta san Turawa ba su da hankali. Sannan na zaunar da su na yi bayani: a daka fasassun tukwane, a tankaɗe, a cuɗa da sabon yumɓu, mu gwada awo uku mu ga wanda ya fi. Fasassun tukwane kuwa ga su nan tsibi a bayan ɗaki, na shekara uku. Bulus ya ce shi dai rani ɗaya aka ce, kuma ranin ya kama.

Mama ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji tana jan abu, sai ga ta tana mirgino wata tsohuwar randa, baƙa, mai zane a wuya. Na san ta, daga cikinta na sha ruwa duk yarintata. Mahaifiyarta ce ta gina ta. Ta kwantar da ita a tsakar gida ta ɗauko taɓarya. Na miƙe na riƙe hannunta, na ce wallahi ba sai ita ba, kowane tsingaro ɗaya ne, na'urar ba ta ga bambanci ba.

"Na ji," in ji ta. "Injin bai san bambanci ba. Ni na sani."

Bugu biyu ta yi mata. Bulus ya juya baya ya tafi wajen motarsa. Ni da ita muka tsince gutsattsarin, muka daka tare da na bayan ɗaki, kowane turmi sai ta jefa ɗan guntun randar a ciki, sauran ta ƙulle a tsumma.

Bayan mako uku aka yi gashi, na ɗauki hutun kwana ɗaya na je. Da safe, da toka ta huce, ta shiga jawo tukwane da sanda ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai ta ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kai kunne. Na awon farko biyu sun tsage. Na awo na biyu da na uku duk suka yi ƙara garau, har ta ƙarshe. Matan unguwa da suka zo kallo suka fara karɓa suna ƙwanƙwasawa da kansu. Mama ba ta yi guɗa ba, ba ta yi murmushi ba, ta goge hannu a zani ta dubi ɗanta ta ce ɗakin nan na Masaka ya zuba siminti a ciki.

Da za ni gida ta rako ni bakin mota, ƙullin gutsattsarin randar yana hannunta. Na ce mata a yadda take zubawa, ba zai wuce shekara biyu ko uku ba, in ya ƙare fa? Ta ɗaga ƙullin ta auna nauyinsa a tafin hannu.

"Kafin nan nawa tukwanen sun tsufa," ta ce. "Sai ku daka nawa."